Motar Haya da Alkawarin Baba Direba

Da sunan Allah nake farawa, wanda Shi kaɗai Ya san ƙasar da kowannenmu zai kwanta a cikinta.

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a wani ƙaramin kamfanin sayen hatsi a Kwanar Dangora. Kamfani ake ce masa don akwai takardar rajista da allo a bakin ƙofa, amma duka-duka ba mu wuce mutum takwas ba. Muna bin kasuwanni mu sayi masara da waken suya da shinkafa, mu tara a sito, manyan motoci su zo daga Kano su kwashe. Alhaji ne mai kamfanin. Ni mutumin Bebeji ne, ban yi boko ba, da ajami nake rubutuna, kuma ni ke jan salla a ɗan masallacin da ke bayan sito. Saboda haka duk lokacin da magana ta zo kan halal da haram, ni ake waiwaya.

Mota ɗaya muke da ita, tsohuwar a-kori-kura, kuma mutum ɗaya ke tuƙa ta tun ranar da aka sayo ta. Kowa Baba Direba yake ce masa. Ya girme ni da shekara bakwai. Mutumin wani ƙauye ne a bayan duwatsun Riruwai, inda kwalta ta ƙare sai burji, burji ya ƙare sai turbar shanu, sannan a haye wani rafi kafin a shiga garin. Shi kuwa Alaramma yake kirana don tsokana, ya san sarai ban haddace ba.

Motar nan tana da wani aiki da ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. In mace ta daɗe tana naƙuda a ƙauyukan da muke sayen hatsinsu, ƙofarmu ake bugawa. In wani ya rasu a asibiti a Tudun Wada ko Kiru, danginsa ba su da halin shatar mota, mu ake nema. Alhaji bai taɓa cewa a'a ba, bai kuma taɓa karɓar kuɗin mai ba. Baba Direba zai share bayan motar, ya shimfiɗa tabarma, ni kuma in zauna a baya wajen kan mamacin ina addu'a har mu isa. Mun daɗe muna haka, har muka daina ganinsa wani abu ne.

Wata rana muna dawowa daga irin wannan tafiya, mun kai gawar wani dattijo kusa da ƙauyensu, sai ya tsaya a tsakiyar rafin nan yana wanke ƙafafun mota. Rani ne, ruwan bai kai idon sawu ba.

"Alaramma, ka ga rafin nan kamar mutumin kirki ko? In marka ta yi, duk wanda bai haye shi kafin azahar ba, to ya nemi wurin kwana. Da hadari ya zuba a kan duwatsu, nan da nan yake zuwa, ko da nan ɗigo bai sauka ba."

Na ce na ji.

"Ba don ka ji na faɗa ba, don ka riƙe ne. Ranar tawa kai za ka zauna a baya wajen kaina. Can nake so a sa ni, kusa da uwar 'yata. Kada ka bari a ajiye ni a bakin hanya."

Na ce masa ƙasa duk ta Allah ce, kuma gaggauta sutura shi ne abin da aka koya mana.

"Na sani. Ai ban ce ka yi mini wa'azi ba, cewa na yi ka kai ni. Ni da na yi ta kai mutane gidajensu, a rasa mai kai ni?"

Na yi dariya na ce, "In dai ina raye, a motar kamfanin nan zan kai ka har ƙofar gida."

"To na riƙe ka," in ji shi.

Shekara biyu bayan haka motar ta fara gajiya ƙwarai. Sau biyu a wata guda ta bar mu a dajin Falgore. Ɗan Alhaji na fari, wanda ya gama karatunsa ya dawo muke ce masa Manaja, ya ce lokacin canji ya yi. Mutum ne mai natsuwa, ba ya almubazzaranci, ba ya raina na gaba da shi. Wata rana bayan la'asar ya tara mu a rumfar gaban sito ya ce hanya biyu ce. Ko dai a sayi mota ta hannu, amma kuɗin da ke ƙasa ba zai kai ba sai an karɓi bashin banki mai ruwa. Ko kuma a ɗauki sabuwa fil haya ta shekara uku daga wani kamfani a Kano, ana biya duk wata, gyara nasu, taya nasu, in ta lalace su kawo wata kafin su gyara.

Baba Direba ya ce, "Ta hannu ai ita ce mota. An riga an koya mata wahala."

Manaja ya ce, "Baba, kai dai ka saba da kwanciya a ƙarƙashin mota ne. So nake ka huta."

"Na saba da ita, ita ma ta saba da ni. Wannan da za ku kawo, ta wa ce?"

"Tamu ce mana, har shekara uku."

"To in na ɗauko mara lafiya ya yi amai a ciki, wa zan je in ba haƙuri, kai ko mutanen Kano?"

Duk muka yi dariya, har shi. Amma da dariyar ta lafa sai ya ƙara da cewa shi dai abin da ya sani, motar da ba taka ba sai ka nemi izini kafin ka yi alheri da ita. Alhaji ya juyo ya dube ni.

"Malam, me littafi ya ce?"

Na roƙi kwana biyu. Na koma gida na buɗe littattafan da na karanta a gaban malamaina, na bi babin haya a hankali. Zuciyata ta riga ta karkata, don kalmar ruwa kaɗai ta isa ta sa in ja da baya, haya kuwa abu ne da shari'a ta san da shi. Duk da haka ban so in yi gaggawa ba. Na samu takarda na rubuta tambayoyi shida. In motar ta lalace ba da gangancinmu ba, wa zai ɗauki asara? Kuɗin wata tsayayye ne ko yana motsi? In an makara da biya, ana ɗora wani abu a kai? Ranar ƙarewa sananniya ce? Da wasu biyu irinsu. Na ji daɗin kaina ƙwarai da na gama, ina ganin ban bar wata kafa ba.

Wakilin kamfanin hayar ya zo da kansa ranar wata Laraba. Mutum ne mai ladabi, sai da ya cire takalmi kafin ya hau tabarmar Alhaji. Ya amsa tambayoyina ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙosawa ba, inda na nuna shakka kuma ya yarda a gyara. Daga nan ya ce shi ma yana da tambaya. Ya ce akwai wata na'ura a jikin motar saboda ɓarayi. Za a saka mata wuraren da muke aiki, in aka fita da ita daga cikinsu sai ta kashe kanta.

"Ina da ina aikinku yake kai ku?"

Manaja ya ce, "Malam ne ya fi kowa sanin wannan."

Na lissafa masa kasuwanninmu. Bebeji, Kiru, Dangora, Tudun Wada, Doguwa, Riruwai, sai Kano in an je ganin masu saye. Yana rubutawa.

"Shi ke nan? Babu wani wuri?"

"Iyakar aikinmu ke nan," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Aiki ya tambaye ni, na faɗa masa aiki. Kai mara lafiya da kai gawa ba su taɓa zama aiki a wurina ba, balle in sa su a layi ɗaya da sayen masara. Wanda zai tuna da su kuwa ba ya nan. A daidai wannan lokacin Baba Direba yana kan hanyar Kiru da tsohuwar mota, ya ɗauki wata mata da haihuwa ta zo mata da gardama. Alhaji ya sa hannu, Manaja ya sa, ni ma na rubuta sunana a matsayin shaida.

Bayan kaka aka kawo motar, fara sol, mai ƙofa huɗu da buɗaɗɗen baya. Baba Direba ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe gabanta ya leƙa, ya rufe.

"Babu inda mutum zai sa hannu," in ji shi. "Wannan amarya ce, sai kallo."

Amma ya riƙe ta da amana. Kullum sai ya goge ta, ba ya barin kowa ya ci rake a ciki. Ita ke zuwa kasuwanni, tsohuwar kuma tana nan ƙarƙashin mangwaro, in aka buga ƙofa da larura ita yake tayarwa, ko da sai an tura. Haka aka yi rani duka, sabuwar ba ta taɓa sauka daga hanyoyin da na lissafa ba. Da ruwan farko ya sauka injin tsohuwar ya buga gaba ɗaya, aka sayar wa 'yan gwangwan. Ranar da suka zo janta, Baba Direba ya shiga masallaci bai fito ba sai da suka tafi.

Cikin marka ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya yi ta ɓoyewa har ranar da ya kasa taka birki da kyau, ya faɗa wa Manaja da bakinsa. Aka kwantar da shi a asibiti a Tudun Wada. Kwana tara ya yi. Ina zuwa kowane yammaci, in karanta masa abin da ya sawwaƙa. A rana ta takwas ya kama hannuna ya ce, "Alaramma, damina ce fa. Ku fita da wuri." Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to ya daina.

Ya cika bayan sallar asuba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Manaja ya buga wa ƙaninsa waya a ƙauye ya ce su fara haƙa kabari, muna tafe. 'Yarsa tilo ma can take aure. Muka shimfiɗa tabarma a bayan sabuwar mota, muka lulluɓe shi, na zauna wajen kansa kamar yadda na saba zama wajen kan wasu. Manaja ne ya tuƙa, Alhaji na gefensa, ma'aikatan sito biyu suna baya tare da ni. Mun fita da wuri kamar yadda ya ce. Muka ratsa Falgore, daji ya yi kore shar, muka wuce Doguwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka shiga Riruwai. Na dubi sama na ga gari garau, na ce a raina alhamdu lillahi, za mu haye da sauran lokaci mai yawa.

Mun sauka daga kwalta, mun bar gidajen ƙarshe na garin da ɗan nisa, sai wani abu ya fara ƙara a gaban motar. Ta rage gudu da kanta, ta gangara gefen wata gonar masara, ta mutu. Manaja ya murza makulli, shiru. Ya sake, shiru. Ya fito ya tsaya riƙe da ƙofa, ya dube ni, na dube shi. Duk mun tuna da ranar Larabar nan.

Babu sabis a wurin. Sai da Manaja ya hau wani tudu kafin waya ta shiga. Wakilin ya ɗauka, da ya ji abin da ya faru ya yi salati, ya yi ta'aziyya, ya ce wallahi ba a hannunsa abin yake ba, amma yanzu zai kira ofishinsu a buɗe motar. Minti goma, in ji shi.

Muna nan tsaye sai ga wani dattijon Bafillace da amalanken shanu, ya kai itace gari yana komawa. Ya yi sallama, ya tambayi lafiya. Da aka faɗa masa wanda ke kwance a bayan motar, ya sauko, ya cire malafarsa.

"Shi ya kawo mini mahaifiyata daga asibiti," in ji shi. "Ko ruwa bai yarda ya sha a gidana ba, wai yana sauri." Ya dubi wajen duwatsu. "Malam, ku ɗora shi a nan. Rugarmu tana bakin rafin, wannan gefen. Shanuna ba sa sauri, amma in sha Allahu za mu haye kafin azahar ta wuce."

Alhaji ya dube ni, yadda ya saba. Na dubi amalanken, duk ɓawon itace da kashin shanu. Na tuna na ce a motar kamfani zan kai shi har ƙofar gida. Aka kuma ce minti goma.

"Mun gode, Baffa. Yanzu za a buɗe motar."

"Malam, damina ce."

"Na sani. Yanzun nan za a buɗe."

Bai yi musu ba. Ya yi wa mamacin addu'a, ya hau, ya kaɗa shanunsa. Na bi shi da kallo har masara ta rufe shi.

Minti goman nan sai da Manaja ya hau tudu sau biyar a kansa. Wanda zai ba da izini ya fita. Ya dawo, amma sai an aiko da saƙo a rubuce. An aika, bai shiga ba. Muka sare ganyen masara muka yi wa Baba Direba inuwa. Muka aika mutum ɗaya gari neman wata motar, duk masu a-kori-kura sun tafi cin kasuwa, wanda ya rage kuma ya ce shi ba ya shiga wannan hanya da marka. Muka yi azahar a gefen gonar. Ina sallamewa na ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsu, can nesa, alhali mu rana na dukanmu.

Bayan azahar da kusan awa guda Manaja ya sauko da gudu ya ce an buɗe. Murzawa ɗaya ta tashi, lafiya lau, kamar ba ita ba. Ya tuƙa iyakar abin da hanya ta yarda, ni kuma na rungume kan Baba Direba don kada ya bugu da ƙarfe.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. A ɗaya gefen mutanen ƙauyen ne tsaye, sun fito tarbarmu, wasu da ƙasar kabari a ƙafafunsu. Daga baya can, ƙarƙashin wata ɗorawa, mata ne. Rufin gidajen garin ma ana hango shi.

Dattijon nan ya fito daga rugarsu ya same mu. Bai ce mini komai game da safiya ba, har yau kuma bai taɓa cewa ba. Alhaji ya tambaye shi yaushe ruwan zai janye. Ya ce in ya zo da irin wannan ƙarfi, kuma ga wani hadarin a bayansa, sai kwana biyu.

Manaja ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga murya, ƙanin Baba Direba ma yana ɗagawa, ba mai jin wani. Daga ƙarshe ƙanin ya daina. Ya miƙa hannu ya nuna gefenmu, ya nuna ƙasa. Ya sake yi sau biyu don mu gane.

A rugar aka yi wa Baba Direba wanka, ni na yi da hannuna. Likkafaninsa yana can ƙetare, sai dattijon ya shiga bukkarsa ya fito da wanda ya ajiye wa kansa. Samarinsu suka haƙa a inda suke binne nasu, kan wani ɗan tudu da ke kallon rafin. Muka ɗauko shi muka ajiye a fili a bakin ruwa don 'yan uwansa su gani, na shiga gaba. Kafin in yi kabbara na waiwaya, sai na ga su ma can sun ja sahu. Wani mai ƙarfin murya a cikinmu ya riƙa maimaita kabbara yana ɗaga hannu sama don su bi. Ban taɓa buɗe littafi in duba hukuncin sahun da ruwa ya raba ba, kuma ba na jin zan duba.

Muna zuba ƙasa ruwan ya iso gefenmu.

Rana ta uku muka haye da ƙafa, ruwa iya gwiwa, muka je ta'aziyya. An riga an mayar da ƙasar kabarin da suka haƙa kusa da matarsa, wurin ya yi dabam da sauran. 'Yarsa ta aiko a kira ni, ta tsaya daga bayan zana.

"Malam, an ce shi ya ce kai za ka kawo shi."

"Haka ne."

"Motar ce ta lalace?"

Da na ce e, da ta karɓa, ba kuma wanda zai ƙaryata ni. Na ce mata motar ba ta lalace ba. Na faɗa mata tambayar da aka yi mini da amsar da na bayar, na faɗa mata amalanken da na mayar. Ina jin numfashinta ta cikin zanan.

"Ko fuskarsa ban gani ba," in ji ta. Can kuma ta ce, "Allah Ya sa can ne ƙasarsa ta kira shi. Ka gaida gida, Malam."

Manaja ya je Kano da kansa a satin, ya sa aka buɗe wa motar duk ƙauyukan yankin nan. Ashe tun farko abu ne na rubuta layi ɗaya, ba a ma ƙara ko kwabo ba. Ta ƙarasa shekarunta uku ba ta taɓa ba mu matsala ba, ta kai marasa lafiya, ta kai gawawwaki, sannan masu ita suka zo suka ɗauki abarsu. Takardar tambayoyina shida tana nan cikin gafakata, rabin shafin babu komai.

Na bar aiki yanzu, na koma Bebeji. Duk rani nakan hau motar haya zuwa Riruwai, in hau babur zuwa rugar. Dattijon yakan sa a kawo mini nono, mu taka tare zuwa tudun. In na gama addu'a sai in sauka in haye rafin, ruwan ko idon sawu bai kai ba, in je in yi wa matar Baba Direba ita ma. Tsakanin kaburburan biyu, da tafiyata ta tsofaffi, bai fi minti goma ba.